Kafin Ka Ɗaure Kayan Tafiya

Ɗana, da ke 'yata, maganar tafiya hutu ƙasar waje ta yi yawa a bakinku kwanan nan, ni kuwa ban ga aibunta ba. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙauran Namoda suna cewa in an rufe makaranta za su leƙa Maraɗi. Samarin da Allah ya buɗa wa a kasuwar Shinkafi suna lissafin kuɗin Umara. A Zurmi ma akwai masu ambaton Alƙahira da Dubai. Ku je, Allah ya kai ku lafiya. Wanda bai taɓa kwana a garin da ba a san ubansa ba, akwai karatun da ya rage masa. Mu kuma tafiya gadonmu ce. Kakanninmu sun kora jakuna har Gwanja sun dawo da goro, wasu sun taka da ƙafa ta Sudan har Makka, kuma tun 1929 da layin dogo ya iso Ƙaura daga Zariya mutanen yankin nan suka riƙa hawa jirgi suna gangarawa har Ikko.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wahalar da nake gani kuna sha, wadda da an tambayi manya da ba a sha ta ba. Yaro zai tafi da fara'a, bayan mako biyu ya dawo a rame, ya sayar da wayarsa a hanya, ko kuma a yi ta kiran dangi ana haɗa masa kuɗin mota. In ka bi diddigi sai ka tarar zuwa ya shirya, bai shirya dawowa ba. A da, fatake ba sa ɗaga ƙafa sai sun san madugun da zai ja ayari, da inda za a yada zango kowace rana, da sunan mai masaukin da zai karɓe su, da watan da za su juyo kafin damina ta cika rafuka. Yau waya ta maye gurbin madugu a wurinku, amma waya ba ta san wanda ya kwana a hanya jiya ba.

To, fara da kuɗin dawowa. Ware shi tun a gida, ka ɗora masa wani abu a kai, ka adana shi inda hannunka ba zai riƙa kai masa ba. Abin da ya saura shi ne na hutu. In bai kai ba, rage kwanaki ko ka zaɓi gari mafi kusa. In duk da haka bai kai ba, haƙura sai baɗi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada ka ci bashi don shaƙatawa, kada kuma ka taɓa hatsin da gida zai ci har kaka. Na ga wanda ya yi kwana goma yana jin daɗi, ya zo ya shekara yana ɓuyar masu binsa.

Ka kuma sani naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. A farkon 2023 dalar Amurka a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi sai Maraɗi ta yi mana tsada ko da mutanen can ba su ƙara wa kayansu ko sisi ba. Abokinka da ya ba ka farashin da ya biya shekara biyu da suka wuce gaskiya ya faɗa, lissafinsa ne ya tsufa. Nemi wanda ya dawo a watan nan. In za ka yi canji, ko a Wapa ta Kano ko wurin 'yan canjin bakin iyaka, tambayi mutum biyu ko uku kafin ka miƙa kuɗinka, ka ƙirga a gabansu, ka roƙi ƙananan takardu domin mai shayi da ɗan kabu-kabu ba su da canjin babbar takarda. Raba kuɗin wuri biyu ko uku a jikinka da jakarka. Katin banki kada ka dogara da shi shi kaɗai, yakan ƙi aiki a ranar da aka fi bukatarsa. Kuma a kasuwannin Nijar da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa 5 ce. Mai tsire in ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000. Baƙi da yawa sun biya ninki, ko sun yi musun da ba dalili, don ba su san wannan ba.

Takardu su ne abin da ba a yi musu gaggawa. Fasfo iri biyu ne, mai shekara 5 da mai shekara 10, kuma ba a ba ka sai da lambar NIN wadda suna da ranar haihuwar da ke cikinta suka dace da na sauran takardunka. Harafi ɗaya in ya saɓa, sai ka yi ta zirga-zirga tsakanin Ƙaura da Gusau har hutun ya ƙare. Mai tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata shida. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma a jiki, haka ma allurar sanƙarau da Saudiyya ke nema ga mai Umara. Ina roƙonka ka yi allurar da gaske. Akwai masu sayen katin ba tare da an yi musu ba, alhali mu a nan mun san abin da sanƙarau ke yi wa gari a lokacin zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Biza kuma ita ce gaba da tikiti. A 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Nijeriya biza, ba a sake buɗewa ba sai tsakiyar 2024, kuma mutane sun yi asarar kuɗin jirgi da na otal da suka riga suka biya. In ta hannun eja za ka bi, je ofishinsa da ƙafarka, ka ga rajistarsa. Na Umara hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke ba su lasisi. A rubuta maka abin da ka biya da abin da za a yi maka: wane jirgi, wane otal, kwana nawa, mutum nawa a ɗaki. Wanda ya ce ba sai an rubuta ba don ku 'yan gari ɗaya ne, ka gaishe shi da kyau ka nemi wani. Araha ba ta ado.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma kai ma ka san shi. A wurinmu mutanen arewacin Zamfara, mafi nauyin tafiya ƙasar waje shi ne fita daga gida zuwa babban titi. A taswira hanya mafi kusa zuwa Maraɗi ita ce ta Zurmi, a bi ta Gurbin Ɓaure a faɗa Jibiya. Amma ka tuna a 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, ta ce matafiya su zaga ta Funtuwa. Mutumin Shinkafi da ke son bi ta Isa da Sabon Birni shi ma ya san halin da ake ciki. Ba ni da hanyar da zan ce maka ita ce lafiyayya kullum, domin abin yana juyawa. Ka je tasha da kanka da yamma, ka zauna da direbobin da suka shigo ranar, ka ji ta bakinsu. Matambayi ba ya ɓata. In sun ce a zaga, zaga, ko da kuɗin mota zai ninka, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Tashi da hantsi lokacin da motoci suka yi yawa, shiga motar tasha, ka bar ta bakin hanya ko da ta fi sauƙi. La'asar in ta riske ka a Gusau ko Katsina, kwana nan. Mai jirgin safe a Kano ko Sakkwato ya isa garin tun ana jibi, kada ya ɗora wa direba gudun da zai jefa kowa cikin hatsari.

Kuma ka kama bakinka. Iyayenka da mutum ɗaya amintacce su san ranar tashinka, ya isa. Hoton fasfo da tikiti da kuke sawa a Facebook da WhatsApp, ba masoya kaɗai ke ganinsa ba, kuma wanda aka san zai fita waje an san yana ɗauke da kuɗi. Bari sai ka dawo ka nuna. Lambobin waya masu muhimmanci kuma rubuta su a takarda. Kun ga yadda aka katse layukan waya a jihar nan a watan Satumban 2021 aka yi makonni ba kira, ga batir yakan mutu, ga waya takan ɓata. Ka bar kwafin fasfo da biza a gida, ka riƙe wani a wata jakar dabam.

In wannan ce fitarka ta farko, shawarata ka fara da Nijar. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga dangi, amma kuɗi da doka da tsarin hukuma duk daban, sai ka koyi zama baƙo a inda kuskure ba ya tsada sosai. Sai dai ka shiga ta ƙofa. Na san daga Zurmi da Shinkafi akwai hanyoyin babur da ke ratsa daji su faɗa ƙasar Maraɗi, na kuma san 'yan kasuwa na binsu. Kai mai hutu ba ka da abin da zai sa ka sayar da ranka a can. Bi ta Jibiya ka shiga Ɗan Isa, ko ta Illela ka shiga Ƙonni, a duba takardunka a buga maka hatimi. Hatimin nan shi zai yi maka magana a gaban jandarma a cikin ƙasa. Iyaka kuma ba kullum take a buɗe ba. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Saboda haka abin da ake nema bara ba lalle ne ya ishe ka bana ba. Riƙe fasfo da katin shawara, ka amsa tambaya da ladabi, kada ka ɗaga murya ko da ka ga an ɓata maka lokaci.

Cikin Nijar sufuri na da tsari fiye da yadda wasunku ke zato. Kamfanonin manyan motoci irin su Rimbo da STM suna da tasoshinsu, ana yankar tikiti tun ana gobe, kuma mota tana tashi da asuba ba ta jiran kowa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, yini guda ne cur, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Wanda masaukinsa ke nesa yakan kwana a tashar kamfanin don kada ta bar shi. A cikin gari, yi ciniki da ɗan kabu-kabu ko mai tasi kafin ka hau. Sayi layin waya na can ranar da ka isa, domin kira da layin gida yana cinye kuɗi kamar wuta a kaba. A Saudiyya kuwa akwai jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018, yana haɗa Makka da Madina ta Jidda cikin kamar awa biyu da rabi, inda mota ke cin awa biyar ko shida. Ya fi tsada, ana kama kujera tun da wuri, kuma ba ya ɗaukar tulin kaya, amma ga wanda ya tafi da tsohuwa ko tsoho kuɗin bai tafi a banza ba. Ka tuna agogonsu ya riga namu da awa biyu.

Masauki shi ne rabin tafiya. In gidan dangi za ka sauka, sanar da su tun da sauran lokaci, faɗa musu ranar zuwa da ranar tashi. Kada ka je hannu rabbana. Ɗan buhun gero, ko man gyaɗa, ko turmin atamfa ga uwar gida, duk suna buɗe fuska. Kwana uku na farko haƙƙinka ne na baƙunci, bayan nan sa hannu a cefane ba sai an nuna maka ba. Ka lura da ɗakin da aka ba ka, sau da yawa wani aka tasa ya koma zaure dominka. Baƙo raɓa ne, in ya daɗe sai a fara ƙirga loma, zumuncin da aka je ƙarfafawa ya dawo da rauni.

In otal ne, kada ka biya sai ka ga ɗakin. Shiga ciki. Murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa, kunna fanka, ɗaga zanen gado ka duba gefen katifa ko akwai kuɗin cizo, gwada sakatar ƙofa ta ciki, leƙa taga ka ga ko tana da raga, don sauron Yamai a bakin kogi ba ya wasa. Tambayi ko kuɗin na ɗaki ne ko na kowane mutum, ko da karin kumallo a ciki, da ƙarfe nawa ake son ka fita ranar tashi, domin jinkirin awa biyu kan sa a caje ka kwana guda. Biya na kwana ɗaya tukuna, in ya yi maka ka ƙara. Karɓi rasit. Hoton da ka gani a intanet wataƙila an ɗauke shi ranar da aka buɗe ginin.

Na Makka kuwa, kowane eja zai ce maka masaukinsa na kusa da Harami. Tambaye shi minti nawa ne a ƙafa, kuma akwai hawa ko babu, domin Makka garin duwatsu ne. Misfala, inda mutanenmu suka fi sauka, ana takawa da ƙafa. Aziziyya ta fi araha amma sai da mota, kuma wanda zai jira mota sau biyar a yini zai ga jam'i na wuce shi. Goman ƙarshe na Ramadan kuɗin ɗaki yakan ninka har ya sake ninkawa. In aljihunka bai kai ba, Umara a wani watan ma Umara ce. Kuma ranar da bizarka ta ce ka fita, fita. Masu maƙalewa su jira Hajji ko su nemi aiki suna ƙarewa a ɓuya da tara da kora, a kuma hana su komawa shekaru.

Abinci na cikin daɗin tafiya, shi ne kuma ya fi kwantar da baƙo. Riƙe guzurinka na hanya: ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, ɗan yaji a kwalba. Sha ruwan da ka buɗe marfinsa da hannunka. Ci inda ka ga 'yan gari sun yi layi kuma tukunya na tururi, ka yi hattara da ɗanyen ganye da ƙanƙara da naman da ya yini a rana. Sa ƙullin gishiri da sukari na asibiti a jakarka saboda gudawa, da maganin zazzaɓi. Bayan wannan kuwa, saki jiki ka ci na mutane. Sha furar Maraɗi, ci dambu da zogale a Yamai, sayi kilishi in mota ta tsaya a Madawa, karya da dogon burodinsu da shayi. A Makka farantin shinkafa da kaza guda yakan ishi mutum biyu, har uku, saboda haka ku haɗa kuɗi ku saya tare. Da safe gurasarsu ta tamis da wake dafaffe ba ta da tsada kuma tana riƙe ciki har azahar. Masu tuwo da miyar kuka suna nan a Misfala in kewar gida ta taso, amma wanda ya ƙetare teku ya yi mako biyu bai ci komai ba sai tuwo ya rage wa kansa. In Kwatano ko Ankara ka nufa, nemi zango. A Nima da Sabon Zango na Ankara za ka ji Hausa, ka samu masallaci da naman da ba ka shakkar yankansa.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so ka riƙe fiye da sauran. Kada ka ɗaukar wa kowa kaya, ko ƙullin magani ne, ko an ce saƙon tsohuwa ne. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya bayan an samu ƙwayar tramadol a jakar da aka liƙa wa sunanta tun daga filin jirgi ba da saninta ba. Sai a Afrilun 2019 ta fita, bayan bincike ya wanke ta kuma gwamnati ta sa baki. Ba kowa ke samun wannan gatan ba, kuma hukuncin ƙwaya a can yakan kai ga kisa. Tsaya a kan kayanka har a auna su, ƙirga takardun da aka liƙa, ka tabbata adadinsu ya yi daidai da jakunkunanka. Goro ma haramtacce ne shiga da shi Saudiyya. Maganin da likita ya ɗora ka a kai, tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likitan.

Ke kuma 'yata, duk abin da na faɗa ya shafe ki, da ƙari. Tafi da muharraminki ko cikin ayarin da iyayenki suka sani. Fasfonki ya zauna a jikinki, kada ki miƙa wa wata hajiya ta adana miki. Wadda ta ce za ta biya miki komai, in kun isa kya yi ɗan aiki ki rama, ki kawo maganar gida a bincika. 'Yan mata da yawa sun tafi da sunan ziyara suka tsinci kansu a aikatau, ba fasfo, ba hanyar kiran gida.

In kun isa, ku buɗe ido ku ga abin da ya kai ku. Ɗan Ƙaura da ya san labarin Namoda da faɗuwar Alƙalawa a 1808, ya je Tsibiri kusa da Maraɗi ya ga fadar Sarkin Gobir, ya ji yadda su Gobirawa suke ba da wannan labarin. Ya ga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, in hali ya yi ya ƙarasa Damagaram ya zaga tsohuwar unguwar Birni. A Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama da gadar Kennedy a kan Kogin Kwara. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum, soja da barikinsa da ginin gwamnati kuwa ko kusa. Siyasar ƙasar mutane ku bar musu, ku dai saurara. Kuma duk abin da ɗayanku ya yi a can, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi ɗan Nijeriya ne.

Tsaraba a saye ta a ƙarshe, da abin da ya saura, ba da kuɗin dawowa ba. Yawancin jirage kilo 23 suke yarda da shi a kowace jaka, abin da ya haura sai an biya da tsada, ruwan Zamzam kuma lita 5 ne a ƙullin da aka tanada. Ka bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin ranar dawowarka da ranar komawa aiki ko makaranta, saboda jirgi yakan yi jinkiri, iyaka takan cushe. In ka sauka Kano da dare, kwana a Kano. Da safe ka kira gida a je tasha a tambayo maka labarin hanya kafin ka shiga motar Gusau.